Layar Tur ɗin Malam Kabo

Kwana huɗu ke nan da Rabo ya kwashe atiliyensa, wato shagonsa na aikin ƙarfe, daga Zango zuwa Dapoya, kuma a cikin kwana huɗun nan tur ɗinsa bai fere masa ƙarfe ko ɗaya daidai ba.

Tur shi ne injin da ke damƙe sandar ƙarfe yana juya ta, wuƙa na bin ta a hankali tana fere ta har ta kai kaurin da ake so. Na Rabo tsoho ne tukuf, shi ya sa duk Zango ake ce masa Tsohuwa. Marigayi Malam Kabo, maigidan da ya koya wa Rabo aiki, shi ya saye ta a hannun wani Bature mai komawa gida, ya zuba mata daɓen siminti da hannunsa, ya girka ta. Shekara talatin da ɗoriya ba ta motsa daga wurin ba. Direbobin tasha, masu injin niƙa, masu gyaran babur mobilet, duk wanda ƙarfensa ya karye kuma babu sabo a kanti, ƙofar nan yake nufa. Sai ga shi bana an ce Zango zai tashi, za a yi manyan gine-gine a wurin. An ba mutane filaye can bayan gari, Tsohuwa kuwa ba ta tashi sai da kuran, wato lantarki, mai waya uku, shi kuwa bai kai can ba. Dole Rabo ya kama wata rumfa a Dapoya, jikin wani mai walda.

Ran Alhamis da hantsi yana tsaye gabanta da ma'auni a hannu. Ya gwada wannan bakin sandar da ya fere, ya gwada wancan. Ya goge ma'aunin da gefen riga ya sake. Haka dai. Baki ɗaya ya fi ɗaya kauri da abin da bai wuce silin gashi biyu ba, amma a aikinsu wannan ya isa ya ɓata komai. Rulma, wato zoben ƙwallayen da sandar ke juyawa a cikinsa, zai shiga nan yana rawa, ya ƙi shiga can.

"Yaya, ko ma'aunin ne ya tsufa tare da mai shi?"

Saminu ne, ƙanin matarsa Tani. Magidanci ne, ya yi lakkal, wato makarantar koyon sana'a, har ya fito da takarda, shi ya sa ake tsokanarsa da Mushe, wato malam da Faransanci, shekara biyu ke nan suna aiki tare. Shi ya daidaita Tsohuwa a sabon wurin, yini guda yana durƙushe da nibo, ma'aunin nan mai kumfa na duba karkata, har sai da kumfar nibon ta tsaya a tsakiya cak ta kowace fuska.

"Kawo naka sabon," in ji Rabo.

Saminu ya gwada da nasa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ɗora nibo a gadon injin, ya sunkuya ya leƙa.

"C'est pas possible. Dubi da idonka, Yaya. A miƙe take sak."

Rabo bai duba ba. Idonsa yana kan kusurwar da yake jingine ƙarfe. Ba ya fere sandar injin niƙa da kowane irin ƙarfe, sai da sandar ƙafar tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, wadda ta sha kaya shekara da shekaru ba ta karye ba. Uku ya zo da su daga Zango. Biyu sun lalace a hannunsa jiya da yau. Saura ɗaya.

Daga can ya ɗaga kai ya dubi ƙusar da ke bango. A jikinta yake rataye da wata 'yar tagulla naɗaɗɗiya, faɗin tafin hannun jariri, an zana bisimilla a bayanta da bakin ƙusa. Tun yana ɗan koyo yake ganin gefenta a ƙarƙashin ƙafar Tsohuwa ta baya. Gargaɗi ɗaya Malam Kabo ya yi a kanta: kada wanda ya taɓa. Kowa ya san laya ce. Ranar da aka ɗaga injin, Rabo ya tsince ta da hannu biyu ya sa a aljihu. Da ya so mayar da ita a Dapoya, Saminu ya ce, "Haba Yaya, yini guda na yi ina daidaita ta, kai kuma za ka cusa mata tsubbu a ƙafa? In dole ne ka rataye a bango." Rabo bai yi lakkal ba, kuma ba ya son gardama gaban baƙi. Ya rataye.

Sallama aka yi a ƙofa. Hajiya Salamata ce, mai injin niƙan da ake yi wa sandar. Maƙwabciyarsa ce a Zango tun kafin ya yi aure, yanzu ta koma sabon filin da injinta, kuma nata ne kaɗai a wajen.

"Rabo, sannu da aiki. Ko sannu da tsayuwa zan ce?"

"Hajiya, barka da hantsi. Ya baƙunta?"

"Baƙunta da daka. Matan da rabonsu da taɓarya tun suna 'yan mata, yau duk hannunsu ya yi kanta. Da asuba ƙofata suke bugawa kamar ni na karya injin da gangan." Ta ja benci ta zauna. "Talata ka ce mini."

"Na faɗa. Ƙaura ce ta..."

"Kowa ya yi ƙaura, ɗan nan." Ta dubi sandunan biyu da ke yashe a ƙasa, ta daɗe tana dubawa. Sai ta rage murya. "Da na biyo ta tasha na ji direbobi suna cewa wai Tsohuwa ta mutu a hanya, gawarta ka kawo Dapoya."

"Tanti, masu surutu ne kawai," in ji Saminu.

"Kai Mushe, ba da kai nake ba." Ta juya ga Rabo. "Gobe bayan an sauko Juma'a Zailani ɗana zai zo da mota. In ta yi, mu ɗauka. In ba ta yi ba, zai kai ni babban atiliye na masu sababbin injuna. Ba son raina ba ne. Kuma ka san in na shiga can, sai an tambaye ni me ya raba ni da Rabo."

Ya sani. Direba ɗaya ya ji, tasha duka ta ji. Wanda ya saba kawo masa aiki ba zai zo ya yi faɗa ba, zai dai wuce ta wata hanya, shi ke nan. Ta tashi ta fita. Ya ce wa Saminu kada ya taɓa sandar da ta rage, ya hau mobilet ɗinsa ya nufi Zango wurin Muntari mai sayen tsohon ƙarfe, ko zai samu wata a ajiye.

Zango ya zama kamar bakin da aka cire wa haƙora. Gidaje a tsaye babu rufi, kowa ya kwance kwanonsa da ƙyaurensa da tagoginsa ya tafi da su. Ana hango cikin ɗakunan mutane daga titi, har da inda fitila ta yi baƙi a bango. Can gaba, layi biyu ko uku, katafila na gurnani. Rabo ya wuce inda ake sayar da ƙosai tun yana yaro, bai gane wurin ba sai da ya ga bishiyar.

Ya tarar da Muntari tsaye bisa wata babbar mota ana loda mata ƙarfe.

"Patron Rabo! Mutumin Dapoya! Har ka yi ƙiba."

"Muntari, sandar ƙafar kamyo nake nema. Ko ɗaya ce."

"Kai, da ka zo shekaranjiya. Duk sun tafi bakin teku." Ya diro yana kakkaɓe hannu. "Mutanen nan na jirgin ruwa ba ruwansu da na kirki da gwangwani, sikeli kawai suka sani. Ko ni yanzu ba na warewa. Wa ke da lokaci?"

"Da can kai kake ajiye mini."

"Da can ai kai kaɗai ke tambaya." Muntari ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Na ji labarin Tsohuwa. In ta ƙi ci gaba, kada ka ba wani, ka kira ni. Ta yi tan biyu, ko?"

Wasa yake yi, Rabo ya san wasa ne. Duk da haka sai da ya hango ta a ransa, kwance a kan motar nan cikin tsofaffin gadaje da bututun hayaƙi.  Ya ja mobilet ɗinsa da hannu ya bi lungun da ƙafarsa ta saba.

Tsohon atiliyen na nan, bango huɗu da sararin sama. Daɓen ya yi baƙi ƙirin da man inji na shekara talatin, sai wurare huɗu da suka yi fari, sawun ƙafafun Tsohuwa. Rabo ya waiga ya ga babu kowa. Abin da ya kawo shi lungun nan, ko Tani ba zai faɗa wa ba. Tun daren jiya yake saƙa cewa wataƙila injin ƙasarta take nema. Ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya durƙusa wurin ƙafar baya inda layar take a da, ya fara kankare baƙin datti da makullin mobilet, don ya ƙulle ya kai mata.

Makullin ya faɗa wani ɗan rami. Ya kankare gefensa, ya ga siminti ne ya ɓantare kamar an cije shi. Kusa da shi akwai wani. Ya ci gaba da kankarewa har ya fito da biyar, a jere jikin sawun. Ya san irin tabon: inda bakin baramin, dogon ƙarfen banƙara, yake cizo in an banƙara abu mai nauyi. Ba nasu ba ne, su da sarƙa suka ɗaga ta daga sama. Ya rarrafa ya duba sauran ƙafafun uku. Sumul.

Ya zauna a kan dugadugansa. Sau biyar an ɗaga wannan ƙafar ita kaɗai.

Sai wata rana ta dawo masa. Yana saurayi lokacin, wani aiki ya ƙi Malam Kabo tun safe, yana ta gwadawa yana tsaki. Da azahar ya aiki Rabo sayen goro, ya ce ba na Zango yake so ba, sai na wani mutum can unguwar Paspanga mai nisa. Da ya dawo ya tarar da maigidan yana wanke hannu, baramin a jingine, gefen layar yana ƙyalli kamar sabo. "An sabunta ta," in ji Malam Kabo. Daga nan aikin ya fita daidai. Rabo ya tuna ya tsorata ƙwarai da ƙarfin layar a ranar. Ya kuma tuna ba sau ɗaya aka aike shi goron Paspanga ba.

Masu sana'a na da haka suke. Ba sa ba ka komai a lokaci ɗaya, kada ka buɗe naka a ƙofarsu. Sukan rage wani abu sai ƙarshe. Malam Kabo kuwa zazzaɓin kwana uku ya yi ya rasu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai samu ƙarshen ba.

Katafilar ta matso, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya zazzage ƙyallen, ya miƙe.

A Dapoya ya sauko da tagullar daga ƙusa ya miƙa wa Saminu.

"Gwada mini kaurinta. Kusurwa huɗu."

"Yaya, laya kuma ake gwadawa?"

"Kai dai gwada, Mushe mai takarda."

Saminu ya gwada yana murmushi. Kafin ya kai ta huɗu murmushin ya tafi. Duk ɗaya ne, ba bambancin ko silin gashi. Ya juya ta gefe ya kai ta haske. An goge ta da magagari, kuma a cikin naɗin akwai falle-falle na ƙarfe siriri, launinsu ba ɗaya ba.

"Nawa ka gani?"

"Biyar."

Rabo ya ba shi labarin tabon daɓen da goron Paspanga. Saminu ya ajiye tagullar. Ya je ya shafa gadon injin, dogon ƙarfen da wuƙa ke tafiya a kansa, ya tsaya kusa da kai inda aka fi aiki.

"Nan ya cinye," ya ce a hankali. "Shekara da shekaru wuƙa na kaiwa da komowa a nan. Shi kuma sai ya ɗaga ƙafa ɗaya, gadon ya ɗan murɗe, murɗewar ta rufe cinyewar. Duk sanda ta ƙara ci, ya ƙara falle." Ya dafe kai. "An faɗa mana wannan a lakkal, wallahi. Layi biyu ne a littafi. Ni kuma na zo na miƙar da ita kamar sabuwa."

"Ni kuma na rataye ƙafarta a bango ina jiran albarka," in ji Rabo. "Nemo baramin."

Mai walda ya ara musu. Saminu ya danna, Rabo ya yi bisimilla ya tura tagullar ƙarƙashin ƙafar baya. Suka ɗaura ɗaya daga cikin sandunan da suka lalace don gwaji, suka yi mata fira ɗaya. Bambancin ya ragu, amma bai tafi ba. Daɓen Dapoya ba daɓen Malam Kabo ba ne.

Suna cikin shawara aka ɗauke kuran. Injin ya yi ƙara ya mutu. Mai walda ya fito yana zagi da Mosanci. Suka zauna a benci suna kallon ƙwan fitila har la'asar, har rana ta yi ja, bai kama ba.

Ran Juma'a Rabo ya riga mai walda zuwa. Kuran ya dawo, amma ba wanda ya san zuwa yaushe. Saminu ya iso da gwangwanin madara na gidansa, ya yanke falle, ya buge shi ya kwanta. Suka ɗaga, suka ƙara. Gwaji na farko ya wuce gona, yanzu ɗaya bakin ne ya fi kauri.  Saminu ya goge fallen a kan dutse ya rage shi, suka sake ɗagawa. Sandar gwajin ta kusa ƙarewa da fira. A karo na uku Rabo ya gwada nan, ya gwada can, ya miƙa wa Saminu ma'aunin.

"Voilà," in ji Saminu. "Ɗaya ne."

"A kan ta gwaji," in ji Rabo.

Ya ɗauko sandar ƙarshe daga kusurwa. Ya ɗaura ta, ya ƙara matsewa, ya sake dubawa. Tsohuwa ta fara juyawa, ɓawon ƙarfe na fita shuɗi-shuɗi yana naɗewa. Saminu na ɗiga mai a bakin wuƙa. Duk sanda mai walda ya kunna nasa, fitilar rumfar ta dushe, sai Rabo ya kai hannu ga marikin wuƙa. In kuran ya tafi wuƙa na tsakiyar fira, za ta bar tsagi a jikin sandar, kuma babu wata. Ya leƙa ya roƙi mutumin ya dakata masa zuwa azahar. Mutumin ya dube shi, ya dubi fuskarsa, ya kashe.

Sun tafi masallaci saura fira ɗaya. Rabo bai iya cewa ga abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Da suka dawo suka tarar da Hajiya Salamata a benci, Zailani a cikin mota ko kashe ta bai yi ba.

"To?" ta ce.

"Hajiya, minti goma."

"Tun Talata nake jin minti goman nan."

Ya sa wuƙa, ya bar ta ta bi sandar daga wannan baki zuwa wancan, hannunsa bai bar marikin ba. Ya kashe injin. Bai ɗauki ma'auni ba, rulman ya ɗauko, tunda shi ne mai hukunci. Ya ɗora a bakin farko, ya buga da guntun katako. Ya shiga a hankali, da ƙyar, yadda ake so. Ya juya sandar, ya ɗora na biyun. Bugu ɗaya, bai motsa ba. Bugu na biyu, ya sauka, ya zauna daram.

Hajiya Salamata ta taso ta girgiza shi da hannunta. Bai yi rawa ba.

"Ashe Tsohuwa tana da rai," ta ce. "Zan biya ta tasha in gaya wa masu zaman makokin."

"Hajiya, karyayyiyar sandar taki, a bar mini ita."

"Me za ka yi da karyayyen abu?"

"Akwai ƙananan ayyuka huɗu ko biyar a cikinta. Kada ta faɗa hannun Muntari."

Bayan motar ta tafi, Rabo ya zauna.  Kusurwar ƙarfe ta zama wayam, aiki na gaba bai san da me zai yi shi ba. Gadon Tsohuwa kuma zai ci gaba da cinyewa, wata rana falle ba zai ƙara isarta ba.

"Saminu, akwai sauran fenti?"

"Akwai ja."

"Rubuta a bangon nan, sama da ƙafar. Ka ce ƙafar baya ce, falle shida, da kaurinsu, da abin da ya sa. Da watan da muka ƙara."

"Da Faransanci ko da Hausa?"

"Duka biyu. Manya-manya, yadda mai wucewa zai karanta."

Saminu ya tsoma buroshi, ya tsaya. "Bisimillar fa, Yaya? In sa?"

Rabo ya dubi gefen tagullar da ke leƙowa daga ƙarƙashin ƙafar.

"Da ita za ka fara," ya ce.